Jam'iyyar Kwaminis Ta Birtaniya: Shekara 71 Ana Neman Kujera

TAMBAYA: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ta Kano. Bayan gaisuwa yana cewa: "Don Allah ina so ku warware mini wani abu. Na ji an ce mutumin da ya ƙago aƙidar gurguzu a Ingila aka binne shi. To shin 'yan gurguzu suna da jam'iyya a can? In suna da ita, ta taɓa cin zaɓe kuwa?" Akwai kuma wani manomi daga ƙasar Maraɗi da ya aiko da tambaya mai kama da wannan, don haka sai mu haɗa mu amsa gaba ɗaya.

AMSA: To Malam, mun gode ƙwarai da wannan takarda taka. Abin da ka ji gaskiya ne. Karl Marx, Bajamushen nan da ya tsara aƙidar gurguzu, ya yi zaman gudun hijira a birnin Landan tun daga 1849 har ya mutu a 1883, kuma kabarinsa yana nan a maƙabartar Highgate. Jam'iyya kuwa sun yi ta. An kafa ta a 1920, aka rushe ta a 1991. A tsakanin nan ta shiga babban zaɓen ƙasa har sau 19, amma mutum huɗu kacal ta taɓa kai wa Majalisar Wakilai ta hanyar ƙuri'a, kuma ba ta taɓa riƙe fiye da kujera biyu a lokaci guda ba, a majalisar da ke da kujeru sama da 600. Yadda aka yi haka ta faru shi ne abin da za mu ɗan tsakura maka, don akwai abin lura a ciki ga duk mai jefa ƙuri'a.

Da farko dai, mene ne gurguzun? Abin da Marx ya koyar a taƙaice shi ne, dukiyar da ake samu a masana'antu da ramukan haƙar kwal daga gumin lebura take fitowa, amma mai jari ne ke kwashe ribar. Maganin abin a ganinsa shi ne ma'aikata su karɓe mulki, a mai da masana'antu da bankuna da manyan gonaki su zama na jama'a baki ɗaya. Ya yi tsammanin ƙasashe masu yawan masana'antu irin su Ingila ne za su fara bin wannan hanya. Sai ga shi a Rasha aka fara, ƙasar da galibin mutanenta manoma ne, lokacin da Lenin da mutanensa suka ƙwace mulki a 1917. Zafin wannan juyin mulki ne ya sa wasu ƙananan ƙungiyoyi suka taru a Landan a 1920 suka narke suka zama Jam'iyyar Kwaminis ta Birtaniya.

Kafin mu shiga lissafin ƙuri'u, ya kamata ka san yadda ake zaɓe a can. An yanka ƙasar mazaɓa-mazaɓa, kowace mazaɓa kujera ɗaya. Wanda ya fi kowa ƙuri'a, ko da da guda ɗaya ne, shi ya ci, saura kuwa sun tashi a tutar babu. Irin tsarin nan ne Nijeriya da Gana suka gada wajen zaɓen 'yan majalisa. Sa'an nan akwai kuɗin ajiya. A wancan zamani kowane ɗan takara sai ya ajiye fam 150, in bai samu kashi ɗaya cikin takwas na ƙuri'un mazaɓarsa ba, kuɗin sun zama na gwamnati. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa.

FARAWA DA ƘAFAR DAMA

Zaɓen farko da jam'iyyar ta shiga shi ne na 1922, ta kuwa fito da mutum biyu. Walton Newbold ya ci mazaɓar Motherwell, garin maƙeran ƙarfe a Sikotland. Na biyun shi ne Shapurji Saklatvala, wanda ya ci Battersea ta Arewa a cikin Landan. Shi wannan mutumin Indiya ne, haifaffen Bombay, kuma ɗan 'yar'uwar Jamsetji Tata ne, attajirin da ya kafa kamfanin Tata wanda kuke ganin motocinsa a kan titi. Ka ji ɗan gidan masu kuɗi da ya zaɓi ya tsaya wa leburori. Amma fa ka lura, da goyon bayan Jam'iyyar Leba ya ci wannan kujera.

Ita Leba an kafa ta tun 1900, shekara ashirin kafin ta 'yan kwaminis, kuma ƙungiyoyin ƙwadago ne suka haife ta, su ke ba ta kuɗi. Wato kafin 'yan kwaminis su iso kasuwa, wani ya riga ya kafa rumfa a bakin ƙofa, masu ciniki sun saba da shi. Lenin da kansa ya ba su shawara su nemi shiga inuwar Leba. Suka nema, aka hana su. Suka sake nema, aka sake hana su. Daga 1924 zuwa 1925 ma sai Leba ta yanke cewa ɗan kwaminis ba zai tsaya takara da sunanta ba, ba kuma zai zama ɗan jam'iyyarta ba.

A zaɓen 1923 duka biyun suka faɗi. A na 1924 Saklatvala ya sake karɓo kujerarsa, wannan karo da sunan kwaminis. Zaɓen nan na 1924 yana da labari. Saura kwana huɗu a jefa ƙuri'a sai jaridar Daily Mail ta buga wata wasiƙa da aka ce Zinoviev ne ya rubuto, shugaban ƙungiyar 'yan kwaminis ta duniya da ke Mosko, yana umurtar 'yan kwaminis na Birtaniya su zuga sojoji su yi tawaye. Leba, wadda ke riƙe da gwamnati a lokacin, ta sha kaye, ta kuma ɗora wa wasiƙar laifi. Binciken da ma'aikatar harkokin waje ta Birtaniya ta fitar a 1999 ya nuna wasiƙar ta jabu ce. Amma aikin gama ya riga ya gama. Tun daga ranar shugabannin Leba suka ɗauki kusantar 'yan kwaminis tamkar riƙe garwashi a tafin hannu.

Gwamnati ma ba ta raga musu ba. A 1925 aka ɗaure shugabanninsu 12, wasu wata shida, wasu shekara guda. A lokacin yajin aikin gama-gari na kwana tara da aka yi a watan Mayu na 1926, Saklatvala kansa, yana ɗan majalisa, sai da ya yi wata biyu a kurkuku saboda wani jawabi da ya yi.

Daga nan sai suka yi wa kansu sakiyar da ba ruwa. A 1928 umurni ya zo daga Mosko cewa a daina lallashin jam'iyyu irin su Leba, a ɗauke su abokan gaba. Suka shiga zagin Leba a kowane dandali. To, leburan da kake neman ƙuri'arsa, ubansa ɗan Leba ne, ƙungiyarsa ta Leba ce, ka zo kana zagin gidansu. A zaɓen 1929 suka tsai da mutum 25, suka tashi da ƙuri'a kimanin 50,000, babu kujera ko ɗaya, har ta Saklatvala ta tafi. A 1931, ana tsakiyar karayar tattalin arziki, mutane miliyoyi ba su da aiki, lokacin da kowa zai ce kakarsu ta yanke saƙa, mutum 26 suka tsayar, ƙuri'a kimanin 70,000, nan ma babu kujera.

SHEKARUN DA TAURARONSU YA HASKA

Hawan Hitila mulki a Jamus a 1933 ya sa Mosko ta sake shawara, ta ce a haɗa kai da kowa don a tare shi. Saboda haka a zaɓen 1935 mutum biyu kawai jam'iyyar ta tsayar, a sauran wurare ta ce wa mutanenta su zaɓi Leba. Ɗaya daga cikin biyun, Willie Gallacher, ya ci mazaɓar Fife ta Yamma a Sikotland, yankin mahaƙa kwal. Shi tsohon ma'aikacin ƙarfe ne da ya yi suna wajen jagorancin yajin aiki tun lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma 'yan jam'iyyarsa sun daɗe suna fafutuka tare da mahaƙan wannan yanki a kan albashi da haɗarin rami. Shekara 15 ya yi a kan wannan kujera.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a watan Satumba na 1939, sai aka sake ganin inda akalarsu take. Babban sakatarensu, Harry Pollitt, ya fito ya goyi bayan a yaƙi Hitila. Amma a watan Agusta Stalin ya riga ya ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da Jamus. Ba a jima ba saƙo ya iso daga Mosko cewa wannan yaƙin 'yan jari-hujja ne, babu ruwan ma'aikata. Aka sauke Pollitt, jam'iyya ta juya. Gwamnati ta rufe jaridarsu, Daily Worker, a watan Janairu na 1941. A watan Yuni na shekarar sai Hitila ya auka wa Tarayyar Sobiyet, nan take suka sake juyawa, Pollitt ya komo kujerarsa, suka zama su ne a sahun gaba wajen kiran ma'aikata su ƙara ƙwazo a masana'antun makamai.

Duk da wannan kwan-gaba-kwan-baya, a lokacin ne suka fi samun farin jini. Rasha ta zama abokiyar yaƙin Birtaniya, labarin yadda sojojinta suka tare Jamusawa a Stalingrad yana bakin kowa. 'Yan jam'iyya masu kati suka haura 50,000, adadin da ba su taɓa kai wa ba, ba su kuma sake kai wa ba.

A zaɓen 1945 suka tsai da mutum 21, suka samu ƙuri'a kimanin 100,000 da kujera biyu. Gallacher ya riƙe tasa. Phil Piratin ya ci Mile End a gabashin Landan, unguwar talakawa da Yahudawa suka yi yawa a cikinta. Shi ma ba daga sama ya faɗo ba. Yana cikin waɗanda suka shirya tare hanya a titin Cable a 1936, ranar da 'yan koren Oswald Mosley masu ra'ayin Hitila suka so ratsa unguwar, kuma ya yi shekaru yana haɗa kan 'yan haya su ƙi biyan kuɗi sai masu gida sun gyara ɗakuna sun rage haya. Pollitt kuwa a Rhondda ta Gabas, wani kwarin mahaƙa kwal a yankin Wales, da ƙuri'a 972 kawai ɗan takarar Leba ya kayar da shi.

Wannan ita ce ƙololuwarsu. To amma auna ka gani. A wannan zaɓe an jefa ƙuri'a wajen miliyan 25. Leba ita kaɗai ta kwashi kusan miliyan 12 da kujera 393 daga cikin 640. Rabon 'yan kwaminis bai kai ko rabin kashi ɗaya cikin 100 ba.

FAƊUWAR DA BA A TASHI BA

Zaɓen 1950 shi ne ya karya su. Sun ga kamar lokaci ya yi, sai suka tsai da mutum 100 cif. Da aka ƙirga, ƙuri'unsu gaba ɗaya ba su cika 92,000 ba. Wato 'yan takara sun ninka kusan sau biyar, ƙuri'a kuwa ta ragu. Gallacher da Piratin duk suka faɗi, kowannensu ya zo na uku. Ka tuna kuɗin ajiyar nan? Mutum 97 daga cikin 100 suka yi asarar nasu. In ka buga 97 sau 150, fam 14,550 ke nan suka tafi a rana ɗaya, kuɗi masu yawan gaske a wancan zamani ga jam'iyyar leburori. Tun daga wannan rana har yau ɗan kwaminis bai sake cin kujera a Majalisar Wakilai ta Birtaniya ba.

Me ya sauya cikin shekara biyar? Abu biyu. Na ɗaya, abota da Rasha ta ƙare, an shiga yaƙin cacar baki, musamman bayan da Stalin ya datse hanyoyin shiga Berlin ta Yamma a 1948. Na biyu, gwamnatin Leba ta mai da ramukan kwal na gwamnati a 1947, jirgin ƙasa a 1948, ta kuma buɗe tsarin asibiti kyauta ga kowa a wannan shekara. Lebura ya ga wani sashe na abin da 'yan gurguzu ke yi masa alkawari ya zo hannunsa ta akwatin zaɓe, ba a zub da jinin kowa ba.

A 1951 jam'iyyar ta fito da sabon tsari, ta ce ita ma ta hanyar majalisa za ta kawo gurguzu. Amma a 1956 sai aka yi mata duka biyu. A watan Fabrairu sabon shugaban Sobiyet, Khrushchev, ya tona irin kisan da Stalin ya yi wa mutanensa. A watan Nuwamba tankokin yaƙin Sobiyet suka shiga ƙasar Hangari suka murƙushe boren jama'a. Shugabannin jam'iyya a Landan suka goyi bayan Mosko. Cikin shekara biyu kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yanta suka ajiye katinsu, har da malaman jami'a da marubuta da dama. A shekarar nan ce dai jam'iyyar ta buɗe babban gunkin kan Marx da ke bisa kabarinsa, wanda masu yawon buɗe ido ke zuwa kallo.

Sauran labarin gangara ce. A 1966 mutum 57 sun samu ƙuri'a kimanin 62,000. A 1970 mutum 58, kimanin 38,000. A 1979 mutum 38, ƙasa da 17,000. A zaɓensu na ƙarshe, na 1987, mutum 19 suka tsaya, suka haɗa ƙuri'a 6,000 da 'yan kai, wato kowane ɗan takara bai wuce 320 ba in aka raba daidai.

Wani abin dariya a nan shi ne, kujera ɗaya da ta rage musu a ginin majalisa ta gado ce. Wani ɗan jam'iyyar mai suna Wogan Philipps ya gaji sarautar ubansa, ya zama Lord Milford, ya shiga majalisar masu sarauta a 1963. Jawabinsa na farko a ciki kira ya yi da a rushe majalisar.

ƘARFI A WAJEN AIKI, RAUNI A AKWATI

Kada ka ɗauka ƙarancin ƙuri'a yana nufin ba su da tasiri. Daga 1946 zuwa 1968 babban sakataren ƙungiyar mahaƙa kwal ta ƙasa ɗan kwaminis ne, Arthur Horner da farko, sa'an nan Will Paynter. Mick McGahey, mataimakin shugaban ƙungiyar, yana cikin jagororin yajin aikin da ya sa Firayim Minista Edward Heath ya kira zaɓe a watan Fabrairu na 1974, ya kuma rasa mulki. A 1971 da aka so rufe ma'aikatun ƙera jiragen ruwa a bakin kogin Clyde, wani ɗan kwaminis, Jimmy Reid, yana cikin waɗanda suka ja ma'aikata suka ƙi fita, suka ci gaba da aiki a ciki har gwamnati ta sauko. Sunansa ya cika ƙasa. Amma da ya tsaya takara a yankin a 1974, ƙuri'arsa ba ta kai 6,000 ba, bai samu ko rabin na ɗan Leba ba.

Ka ga inda gizo ke saƙa. Leburan Birtaniya ya yarda ɗan kwaminis ya wakilce shi gaban mai masana'anta, don ya san ba ya gajiya, ba ya tsoron manaja. Amma ranar zaɓen ƙasa sai ya yi wani lissafi dabam. Ya san a mazaɓarsa ko dai Leba ta ci, ko jam'iyyar masu ra'ayin 'yan mazan jiya. In ya ba ɗan kwaminis ƙuri'arsa, ya rage wa Leba, ya buɗe wa wanda ya fi ƙi hanya. Kamar manomi ne mai tiya ɗaya ta iri, ba zai zuba ta a fako ba alhali ga jigawa. Kuma ko a ƙungiyoyin ma sun taɓa ɓata rawarsu da tsalle: a 1961 kotu ta tabbatar cewa 'yan kwaminis da ke shugabancin ƙungiyar ma'aikatan lantarki sun yi maguɗi a zaɓen babban sakatare.

Tsarin zaɓe ya cuce su, babu shakka. A Faransa a 1946 'yan kwaminis sun samu kashi 28 cikin 100, a Italiya a 1976 sun samu kashi 34, kuma a lokutan nan ƙasashen biyu suna raba kujeru ne gwargwadon yawan ƙuri'ar kowace jam'iyya. Sai dai ba za a ɗora wa tsari laifin duka ba. Ko da a ce an raba kujerun 1945 bisa ƙuri'un da suka samu, da ba su wuce biyu ko uku ba. A waɗancan ƙasashe 'yan kwaminis ne suka zama babbar jam'iyyar ma'aikata. A Birtaniya kuwa Leba ta riga su zama a wannan tabarma.

Sai batun Mosko. Sau uku ka ji sun juya saboda saƙo daga waje, a 1928, da 1939, da 1941. Abokan hamayya sun daɗe suna cewa Rasha ke ba su kuɗi, su kuwa suna musantawa. A 1991 wani tsohon mataimakin babban sakatarensu, Reuben Falber, ya fito ya amsa cewa shi da hannunsa ya riƙa karɓo kuɗi daga ofishin jakadancin Sobiyet, tun daga ƙarshen shekarun 1950 har zuwa 1979, ba tare da yawancin 'yan jam'iyya sun sani ba. Hausawa dai sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A watan Nuwamba na 1991, 'ya'yanta ba su kai 5,000 ba, jam'iyyar ta yi taro ta rushe kanta. Wata guda bayan haka Tarayyar Sobiyet ita ma ta wargaje. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance, uwa kwance.

Amma ba a ce gurguzu ya ƙare ƙaƙaf a can ba. Wani ɓangare da ya ɓalle tun 1988 ya kafa tasa jam'iyyar kwaminis, tana nan har yanzu, haka ma jaridar nan, wadda aka sauya wa suna zuwa Morning Star a 1966. A zaɓukan 2017 da 2019 ba su tsai da kowa ba, sun ce a zaɓi Leba a ƙarƙashin Jeremy Corbyn. A na 2024 sun tsai da 'yan takara kaɗan, ƙuri'unsu duka ba su kai 3,000 ba.

To Malam, in ka duba wuraren da suka ci da ƙarfin kansu suka kuma daɗe ana tunawa da su, wato Fife ta Yamma da Mile End, za ka tarar wurare ne da mutanensu suka yi shekaru suna tare da jama'a a kan kuɗin haya da albashi da haɗarin rami, har aka san su gida-gida. Inda kuwa suka aika ɗan takara da takardun aƙida kawai, ko kuɗin ajiyarsa bai dawo ba.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa game da tambayarka, kai da ɗan'uwanmu na Maraɗi. Allah Ya sa kun gamsu. Saura masu sauraro kuma, muna nan muna jiran takardunku.